Ɗakin Bautar Demeta a Ƙauyen Sangri: Yaushe Za a Je, Me Za a Duba?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙasar Girka. Akwai wani tsohon wurin bauta a karkarar tsibirin Naksos, kusa da ƙauyen Sangri, wanda aka ce na allolin girbi ne, uwa da 'yarta. Wanda yake da kwana uku kacal a tsibirin, ya dace ya ware masa yini guda? Ta ina ake bi, wane wata ya fi, kuma in an isa me ake dubawa? Hotunan da ke intanet 'yan ginshiƙai ne da rabin bango, shi ya sa nake tambaya.

Malam Habu: Wa alaikumus salam, Hajiya. Rabin yini ya isa, kuma ba za a yi da-na-sani ba, muddin ba a je da tsammanin ganin ƙaton gini irin na kan Akrofolis, tudun tsakiyar birnin Atina, ba. Ginin kusan murabba'i ne, mita 13.29 ta wannan gefe, 12.73 ta wancan. Bai kai rabin fuloti mai ƙafa 50 da 100 ba. An gina shi wajajen 530 zuwa 520 kafin haihuwar Annabi Isa, zamanin da Ligdamis yake riƙe da tsibirin, shi ne kuma ya soma ginin da ƙofarsa, Portara, take tsaye a bakin tashar jiragen ruwa har yau. Ya girmi Fatenon, babban ɗakin bautar da ke kan Akrofolis na Atina, da shekara kusan 80, don shi a 447 aka aza harsashinsa.

Sunan kwarin Girulas. Uwar ita ce Demeta, wadda Girkawa suka danganta wa alkama da sha'ir, 'yar kuma Kore ko Persefoni. Kore a harshensu budurwa ce, ba ta da haɗi da koren launi namu. Tun ƙarni na 8 kafin miladiyya manoman kwarin suke bauta a fili a wurin, shekaru wajen 200 kafin a sa dutse ko ɗaya. Saboda haka gonakin da ke kewaye su ne asalin wurin, ginin daga baya ya zo. Wanda ya sauka daga mota ya ɗauki hoton ginshiƙai ya juya, bai ga rabin abin ba.

Hajiya Rabi: Bari in ɗauki ɓangaren hanya, 'yar'uwa. Daga Atina zaɓi uku ne. Babban jirgin ruwa na Blue Star yana tashi daga tashar Pireyus da sassafe, ya biya ta Paros, ya isa Naksos cikin awa biyar da 'yan kai. Jirage masu gudu awa uku da rabi zuwa huɗu suke yi, sun fi tsada, kuma su ake fara sokewa in iska ta tashi. Jirgin sama minti 40 ne ko sama da haka kaɗan, amma ƙanana ne masu farfela, kujerun kan ƙare da wuri.

Daga babban garin, wanda suke kira Hora, zuwa Ano Sangri kilomita 11 ne ko kusa da haka, a kan hanyar Halki da Filoti. Ƙauyukan biyu ne, Ano Sangri na sama da Kato Sangri na ƙasa, na saman ake nema. Bas ɗin KTEL yana tashi daga bakin tashar jirgin ruwa, ya sauke mutum a babban titi, sai a taka zuwa cikin ƙauyen, daga nan a bi hanyar ƙafa ta kudu, kilomita ɗaya da rabi, tafiyar rabin awa. A sayi tikitin bas a ofishinsu kafin a hau, a kuma ɗauki hoton jadawalin dawowa, don motocin yamma ba su da yawa. Mai motar haya akwai kwalta har wurin ajiye motoci, sai ɗan hawa da ƙafa. In za a yi tambaya a ce "Naos Dimitras", haka mutanen garin suka san shi.

Abin da ya fi kayar da baƙi: ran Talata a rufe yake. Sauran kwanaki a al'ada 8:30 na safe ne zuwa 3:30 na rana, ba a kaiwa la'asar sakaliya. Ana gobe za a tafi a sake duba shafin Ma'aikatar Al'adu ta Girka.

Ɗan Auta: Ni a ganina Yuli ko Agusta ne lokacin, Anti. Sararin sama tas, babu ruwa, jirage sun fi yawa, komai a buɗe.

Baba Sarkin Noma: A'a ɗana, wannan lissafin mai zuwa wanka bakin teku ne. Wurin manoma za a je, to a bi kalandar manoma. Daminarsu ba irin tamu ba ce. Ruwansu yana sauka ne da sanyi, daga wajen Oktoba zuwa Maris. Ana huɗa a zuba iri a Nuwamba, alkama da sha'ir su yi ta girma cikin sanyi, su fitar da kai a Afrilu, a sa lauje daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni. Yuli da Agusta raninsu ne tsantsa: kututture, ƙura, ciyawa ta ƙone. Wanda ya je lokacin zai tsaya yana mamakin me ya sa aka gina wa uwar hatsi ɗaki a busasshen wuri. Wanda ya je tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Mayu kuwa, kwarin ne zai ba shi amsa da kansa.

Wanda ya san noman alkama a Kadawa ba zai sha wahalar ganewa ba. Mu ma Nuwamba muke shukawa don tana son sanyi, bambancin mu ban-ruwa muke yi mu girbe a Maris, su kuma na sama suke jira. Har tauraron da suke lissafi da shi mun san shi, Kaza da 'Ya'yanta. Mawaƙinsu Hesiyod ya ce a fara girbi in ta ɓullo da asuba, wato Mayu, a fara huɗa in tana faɗuwa da asuba, wato Nuwamba.

In an bi hanyar ƙafa a riƙa duba gefe. Katangun dutse ne da aka jera ba laka ba siminti, don tare zaizaya da raba gonaki. A karkarar tsibirin za a riƙa cin karo da masussuka, da'irar fili da aka daɓe da dutse aka kewaye da 'yan duwatsu a tsaye, galibi a kan tudu inda iska ke kaɗawa don shiƙa. Su "aloni" suke ce mata. In an tarar da ƙyauren shinge a rufe, a wuce a mayar da shi yadda yake, akwai awaki.

Hajiya Rabi: Baba ya yi gaskiya, kuma ga ƙari. Yuli da Agusta ne lokacin iskar arewa da suke kira meltemi. Takan yi kwana biyu ko uku tana bugawa, ƙananan jirage su kasa fita. Duk wanda jirginsa na komawa gida zai tashi daga Atina, ya bar tsibirin da ratar kwana guda cur. Ga kuma rana: a cikin harabar inuwa kaɗan ce, farin dutse yana mayar da haske cikin ido. Lita ɗaya da rabi na ruwa ga kowane mutum, malafa ko laima, tabarau, da takalmi mai kama ƙasa.

Dakta Zainab: Maganar Baba ta taɓo wata tsohuwar gardama. Labarin da Girkawa ke bayarwa shi ne Hades, sarkin ƙarƙashin ƙasa, ya sace Kore tana tsinkar furanni. Uwar ta yi fushi ta hana ƙasa tsiro har yunwa ta kusa ƙarar da mutane. Aka yi sulhu, amma da yake yarinyar ta ci ƙwayar rumman a can, dole ta riƙa komawa kashi ɗaya cikin uku na kowace shekara. Littattafan makaranta suna cewa watanni huɗun nan hunturu ne. To amma a Girka hunturu ne gona take kore shar. Shi ya sa masanin nan ɗan Sweden, Martin Nilsson, ya ce rani ake nufi, daga girbi zuwa shuka, lokacin da iri yake ɓoye a rumbunan ƙarƙashin ƙasa, gona kuma ta zama fako. Wanda ya tsaya a Girulas a Agusta zai ga ƙarfin wannan fahimta.

Malam Habu: Dakta, a nan zan ɗan saɓa miki. Fahimtar tana da daɗin ji, amma tsohuwar waƙar yabon Demeta, wadda ita ce mafi tsufan cikakken labarin, ta faɗa ƙarara cewa yarinyar tana dawowa ne lokacin da ƙasa ta cika da furannin bazara. Ba a ture nassi don ya ƙi dacewa da lissafinmu. Kuma akwai hanyar fahimtarsa: iri yana shiga ƙasa a Nuwamba, ya fito ya tsaya cak cikin sanyi kamar ciyawa, sai Maris ya miƙe.

Dakta Zainab: Nassin haka ya ce, Malam, ban musa ba. Hujjata bukukuwa ne. Babban bikin Demeta da ya game garuruwan Girka, Tesmoforiya, dab da shuka ake yin sa. A Atina ranakun 11 zuwa 13 ne na watan Piyanopsiyon, wajen Oktoba. Matan aure kaɗai, namiji ba ya kusantar wurin. Ranar farko su hau zuwa wurin bauta su kafa bukkoki. Ta biyu azumi, suna zaune a ƙasa a kan ganyaye, suna kwaikwayon zaman makokin uwar. Ta uku, Kaligeneya, roƙon haihuwa mai kyau. Akwai ramuka da ake jefa 'yan aladu a ciki tun da farko a bar su su ruɓe, sai wasu zaɓaɓɓun mata su sauka su kwaso abin da ya rage, a ɗora a kan bagadi, manomi ya ɗiba ya cuɗa da irinsa. Hankalin bikin gaba ɗaya a kan iri yake, da fargabar ko zai fito.

Sai dai a kiyaye, wannan bayanin na Atina ne, kada a ɗauke shi ɗungurungum a ɗora wa Sangri. Abin da masu tono suka samu a Girulas ramuka ne da aka haƙa aka haɗa da 'yar magudana, inda ake zuba baikon amfanin gona, wato abin da ake miƙa wa allolin, ƙasa ta shanye. Hajiya, in kin isa ki roƙi mai gadi ya nuna miki inda suke kafin ki ɗaga kai ki dubi ginshiƙai. Ba su da kyan gani, amma sun girmi komai a wurin.

Baba Sarkin Noma: Ku malamai ku yi ta yi. Ni dai abin da na riƙe, mutumin da ya zuba rabon bakin 'ya'yansa a ƙasa yana jiran ruwan da ba shi da iko a kansa, fargabarsa ɗaya ce ko'ina. Kuma ƙasarsu ruwan ba shi da tabbas, shi ya sa a yawancin wurare sha'ir suka fi shukawa, ya fi alkama jure ƙishi.

Malam Habu: Akwai ma shaidar hakan a rubuce, Baba. Wata doka da Atina ta sassaƙa a dutse a ƙarni na 5 kafin miladiyya ta ƙayyade nunan farin da za a kai wa Demeta da Kore a Elefsina, garin bautarsu da ke kusa da Atina: kashi 1 cikin 600 na sha'ir, kashi 1 cikin 1,200 na alkama. Ma'auninsu medimnos ne, kimanin lita 52. Wanda ya girbe medimnos 100 na sha'ir zai fitar da abin da bai kai lita 9 ba.

Injiniya Bala: Tunda an gama da gona, bari mu shiga ginin, don a nan Sangri ya bambanta da sauran. Da farko gyara ɗaya: wasu na rubuta "marmara", alhali marmara a wurinmu jan dutse ne. Wannan farin dutse ne mai ƙyalli, wanda magina ke kira mabul, kuma na tsibirin ne. Ginin daga ƙasa har rufi mabul ne, ginshiƙai, azara, fale-falen rufi, duka.

A tsaya ta kudu, don nan ya fuskanta, yawancin ɗakunan bautar Girkawa kuwa gabas suke kallo. Babu matakala uku da aka saba gani, a kan shimfiɗa ɗaya yake zaune. Baranda tana da ginshiƙai biyar tsakanin bango biyu. Biyar mara ce, ke nan ginshiƙi ya tsaya a tsakiya daidai inda ƙofa ta kamata ta kasance. Sai suka yi ƙofa biyu, ɗaya a saitin rata ta biyu, ɗaya a ta biyar. Jikin ginshiƙan sumul yake, babu tsagogin nan na tsaye, adon ganyen da ke kawunansu kuma da fenti aka zana, ba a sassaƙa ba.

Ciki akwai wasu ginshiƙan biyar a jere daga gabas zuwa yamma, na tsakiya ya fi tsawo, na gefe suna raguwa suna bin gangaren rufi. Ga dalilin. Mabul yana ɗaukar dannawa sosai, amma ba ya jure lanƙwasa, in ka shimfiɗa shi a kan rata mai faɗi zai tsage ta ƙasa ya karye ba gargaɗi. Shi ya sa azarorin gajeru ne, wajen mita 4. Na baranda ma an sassaƙa su da ɗan doro zuwa sama, kimanin santimita 2. Ku yi lissafin nauyi: mabul tan 2.7 ne a kowace mita kubik, wato mita ɗaya tsawo, faɗi da kauri. Falle mai kaurin santimita 3 zai yi kilo 81 a murabba'in mita. A rufin da ya kai murabba'in mita 170, tan 14 ke nan na fale-fale kawai, ba a sa azara ba, ba a sa inda suka hau juna ba.

Me ya sa suka ɗora wa kansu wannan wahala? Haske. Kaurin fale-falen santimita 2 zuwa 4 ne, mabul ɗin Naksos kuma ƙwayoyinsa manya ne, rana tana ratsa shi. Ɗakin ciki ba shi da silin, don haka in an rufe ƙofofi hasken yana sauka ne ta cikin dutsen, mai laushi, babu inuwa mai kaifi. Kamar ka kara tafin hannunka a bakin tocila, sai dai wannan fari ne. Fausaniyas, wani tsohon marubucin tafiye-tafiye na Girka, ya rubuta cewa wani mutumin Naksos mai suna Bizes ake danganta wa ƙirƙiro yankan mabul a yi rufi da shi. Tsibirin kuma yana da dutsen gugar da ake goge mabul da shi, har yau an san Naksos da shi.

Ɗan Auta: Yaya Injiniya, to amma abin da ke tsaye yanzu ai ba na asali ba ne. A hoto wasu duwatsun fari fat kamar jiya aka yanko su. Wannan ba gini sabo ba ne aka laƙaba wa tsohon suna?

Injiniya Bala: Tambaya mai kyau, ƙanena. Farin da ka gani da gangan ne. Ƙa'idar da aka amince da ita a Yarjejeniyar Venis ta 1964 ita ce a mayar da tsohon dutse mazauninsa, inda ya ɓace a cike da sabo daidai gwargwadon abin da zai riƙe shi, kuma sabon ya fita daban don kada a yaudari mai kallo. Tsoho ya yi ruwan zuma ko toka-toka, gefensa ya cinye. Sabo fari ne, kusurwarsa kaifi. Minti biyar za ka yi idonka ya iya rabewa.

A Sangri an tattaro gutsattsari fiye da 1,600 na ginin. Kowane an auna shi, an duba ramin ƙugiyar da ke jikinsa da sawun kurfi, har aka gano maƙwabcinsa. Magina na da suna haɗa duwatsu da ƙugiyar ƙarfe su zuba narkakkiyar dalma su rufe ta don kada ruwa ya taɓa ta. Masu gyaran Akrofolis na farkon ƙarni na 20 sun sa ƙarfe ba tare da wannan kariya yadda ya kamata ba, ya yi tsatsa ya kumbura ya farfasa dutsen. Tun daga wannan darasi masu gyara a Girka suka koma amfani da titaniyom, ƙarfen da ba ya tsatsa. Kuma lura, ba su tayar da ginin duka ba, wani sashe suka ɗaga har sama don ido ya samu ma'auni, sauran suka bari.

Malam Habu: Dalilin da ya sa duwatsun suka tsira ma abin sani ne. A ƙarni na 6 na miladiyya Kiristoci suka rushe ginin suka yi coci babba da duwatsunsa a daidai wurin. Da ita ma ta rushe, aka yi ƙaramin ɗakin ibada na Yahaya a kan kufanta, sauran duwatsun suka watsu cikin katangun gonaki. Nikolaos Kontoleon ne ya fara binciken wurin a 1949. Babban aikin ya soma a 1976, Jami'ar Atina ƙarƙashin Vassilis Lambrinoudakis tare da Gottfried Gruben na Munich. Ƙaramar cocin ba a rusa ta a zubar ba, kwance ta aka yi aka sake tayar da ita a gefe, tana nan. An ɗaga ginin a shekarun 1990, gidan kayan tarihin wurin ya buɗe a 2001.

Wani abu kuma da allunan kan hanya ba sa faɗa: hukumomin Girka suna kiran wurin na Afolo da Demeta ne, don shi ma an bauta masa a nan. Abin da ya ƙarfafa ɓangaren Demeta shi ne kwarin noma da yake ciki, da ramukan baiko, da fasalin ginin. Ɗaki ne mai faɗi da aka yi don mutane su taru a ciki a rufe ƙofa, irin zauren asirai na Elefsina, alhali a yawancin wuraren bautarsu jama'a a waje suke tsayawa wajen bagadi.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Allah ya gafarta Malam Nura, wurin bautar gumaka ne fa. Musulmi ya je?

Ustaz Nura: Amin, Hajiya. Malamai sun yi magana a kan irin wannan kuma ba su taru a kan kalma ɗaya ba. Masu halattawa suna kafa hujja da ayoyin da suka yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, kamar aya ta 42 a Suratur Rum, wadda ta ambaci cewa yawancinsu masu shirka ne. Masu tsanantawa suna kawo hadisin Hijr, garin Samudawa, inda aka hana shiga sai da kuka da tsoron Allah, wasu kuma suka ce wannan ya keɓanta da wuraren da azaba ta sauka. Inda aka haɗu shi ne niyya ta zama ilimi da lura, ba girmamawa ko neman tabarruki ba. A aikace: kada a ajiye komai a wurin da sunan baiko, don akwai baƙin da ke barin rumman ko zangarniya a irin waɗannan wurare. Kada a shafi dutse don neman wani abu. Salla kuma a yi ta a wajen harabar. Alƙibla daga Naksos kudu maso gabas take. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tuntuɓi malamin da ya yarda da shi kafin ya sayi tikiti.

Hajiya Rabi: Tunda Malam ya kawo wannan, ga na ciki. Naman da aka fi gasawa a Girka na alade ne, "hirino" suke ce masa, kuma in ba a tambaya ba shi za a kawo a giros da suvlaki, gasassun namansu. Kaza "kotopulo", rago "arni", kifi "psari". Sau da yawa waya ɗaya ake gasa su duka, don haka mai kiyayewa ya tsaya a kifi, wake, salak, dankalin turawan Naksos da cukunsu graviera. Kitron da ake miƙa wa baƙi a Halki giya ce, ko da an ce da ganyen lemo aka yi.

Biza kuma ta Shengen ce, wadda ta haɗa yawancin ƙasashen Turai. Kuɗinta yuro 90 ga babba tun Yunin 2024, da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. Mai son Afrilu ya shigar da takardunsa a Janairu, kada ya jira Maris. Mai tuƙi ya tafi da lasisin ƙasa da ƙasa haɗe da na gida. Hannun dama suke bi kamar mu, amma yawancin motocin haya masu giyar hannu ne, mai son otomatik ya kama tun da wuri. A kula da Istar ɗin Otodoks, ba kullum take dacewa da ta sauran Kiristoci ba, takan faɗo a Afrilu ko farkon Mayu. Ranar Lahadinta wuraren tarihi a rufe suke, haka 25 ga Maris da 1 ga Mayu, jirage kuma cike suke a makon. Ranar 18 ga Afrilu da 18 ga Mayu shiga kyauta ne.

Injiniya Bala: Gargaɗi ɗaya da bai kamata a wuce ba: kada a ɗauki komai. Ɗan tsakuwar mabul ko katangar tukunya da aka gani a ƙasa dukiyar gwamnati ce a dokar Girka, kuma ana kama mutane a kan haka. A ja wa yara kunne, a duba aljihunsu kafin a fita. Ba a hawa kan bango, ba a tayar da jirgi marar matuƙi sai da izini a rubuce. Mai son hoto ya isa da buɗewa. Da yake fuskar ginin kudu take, hasken safe yana zuwa ta gefe ya fito da sawun sassaƙa, da rana ta take kuwa komai fari zai fito.

Ɗan Auta: Na sauka daga kan Agusta, Baba. Amma gidan kayan tarihin fa, kafin ginin ake shiga ko bayan?

Dakta Zainab: Ni na fi son a fara zagaya fili, a ga ramuka da kwari, sannan a shiga. Ƙarami ne, minti 20 zuwa 30 ya isa, yana ɗan gangare kusa da ginin, an saje shi da tudun har ba a lura da shi daga nesa.

Injiniya Bala: Dakta, ni kuma na ce a shiga tsakiya. A yi zagayen farko minti 15, a gangara gidan kayan tarihin, a ga sassan rufin da aka harhaɗa a tsayin ido da kayan cocin da aka ware gefe guda, sannan a koma sama. A zagaye na biyu ne mutum zai tsaya a ɗakin ciki ya gane inda kowace azara ta kwanta. A bar aƙalla minti 45 kafin lokacin rufewa, don masu gadi sukan fara sallamar mutane tun agogo bai cika ba. Mai komawa da bas kuma ya tuna hanyar ƙauyen hawa ce a dawowa, ya ƙara minti 10 a kan lissafinsa.